Filin Tambaya da Amsa: Ƙasar da Ta Ba da Makami, Ita Ma Tana da Laifi?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan yawancinsu sun taru ne a kan batu guda, wato makaman da manyan ƙasashe ke bai wa ƙawayensu da sunan tallafin soja, da kuma ko akwai kotun da ke da hurumin tuhumar mai bayarwa idan an yi amfani da makaman wajen hallaka fararen hula. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita kowace tambaya ba tare da sauya ma'anarta ba, kuma kamar yadda aka saba, ba mu ambaci sunayen waɗanda suka aiko su ba.

TAMBAYA: Malam, a unguwarmu idan mutum ya ara wa wani wuƙa alhali ya san wurin faɗa zai je da ita, duk abin da ya biyo baya da shi za a tafi gaban alƙali. To, a dokokin duniya fa? Idan ƙasa ta bai wa wata jiragen yaƙi da bama-bamai, aka jefa su a kan kasuwa ko asibiti, ita mai bayarwar tana da laifi, ko kuwa ta sha ke nan? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji, a rubuce dai tana da laifi, kuma ba yau aka fara faɗin haka ba. Sai dai dole a raba maganar gida biyu, domin dokar da ke kama mutum daban take da wadda ke kama ƙasa.

Ta ɓangaren mutum, shari'ar da ta fi kusa da mu ita ce ta Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, wanda Najeriya ta ba mafaka a Kalaba daga shekarar 2003, aka kuma kama shi a watan Maris na 2006 a Gamboru Ngala ta jihar Borno yana shirin tsallakawa Kamaru. Kotun musamman da aka kafa domin yaƙin basasar Saliyo ta same shi da laifi a watan Afrilun 2012, ta yanke masa ɗaurin shekara 50, wanda yake kan yi yanzu haka a wani kurkuku a Birtaniya. Abin lura shi ne alƙalan ba su ce shi ne kwamandan 'yan tawayen RUF ba, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen datse hannuwan mutane da tilasta wa yara ƙanana ɗaukar bindiga. Abin da suka tabbatar shi ne ya riƙa aika musu makamai da albarusai da kayan sadarwa, yana karɓar lu'ulu'u, alhali ya san irin ta'asar da suke tafkawa, kuma taimakon nasa ya yi tasiri sosai wajen aikata ta. Sun kuma same shi da hannu wajen kitsa wasu daga cikin hare-haren. Ke nan sani da kuma nauyin taimako su ne suka ɗaure shi, ko da yake ba a gan shi da bindiga a wani ƙauye na Saliyo ba.

'Yan kasuwa ma ba su tsira ba. Frans van Anraat, wani ɗan ƙasar Holan, ya sayar wa gwamnatin Saddam Hussein sinadaran da aka haɗa iskar guba da su, irin wadda aka yi amfani da ita a kan Kurdawa da Iraniyawa a shekarun 1980, lokacin da harin Halabja na watan Maris na 1988 kaɗai ya kashe kimanin mutum 5,000. Kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 15 a 2005 bisa haɗa baki a laifukan yaƙi, da ya ɗaukaka ƙara kuma aka mayar da ɗaurin shekara 17.

Amma akwai shari'ar da ta dagula lissafi, kuma ya kamata mai karatu ya san ta. Janar Momcilo Perisic shi ne babban hafsan sojojin Yugoslaviya a lokacin yaƙin Bosniya, kuma ta ofishinsa ne makamai da man fetur da albashin hafsoshi suka riƙa isa ga rundunar Sabiyawan Bosniya, wadda ta yi wa birnin Sarayebo ƙawanya, ta kuma kashe maza da samari Musulmi kusan 8,000 a Srebrenica a watan Yulin 1995. An ɗaure shi shekara 27 a 2011, amma a watan Fabrairun 2013 alƙalan ɗaukaka ƙara suka sallame shi, bisa hujjar cewa rundunar da ya taimaka wa tana yaƙi na halal tana kuma aikata laifi, don haka sai an nuna cewa ya nufi taimakon ne kai tsaye ga aikata laifin. Lauyoyi da dama sun ce wannan hukunci ya yi wa manyan ƙasashe daɗi, domin duk mai ba da makami zai iya cewa shi don yaƙi ya bayar. Bayan wata bakwai kacal, alƙalan da suka saurari ɗaukaka ƙarar Taylor suka yi watsi da wannan sharaɗi, suka ce sani ya wadatar. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ta ambaci samar da kayan aikata laifi a fili cikin sashe na 25, amma ta ƙara da cewa sai mutum ya yi hakan da manufar sauƙaƙa laifin, kuma a kan wannan manufa ce lauyoyin masu ba da makamai suke fakewa har yau.

Ta ɓangaren ƙasa kuwa, sashe na farko na yarjejeniyoyin Geneva na 1949 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin mutunta dokokin yaƙi da kuma tabbatar da cewa ana mutunta su. Ƙa'idojin da hukumar shari'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala a 2001 sun ce ƙasar da ta taimaki wata wajen karya dokar duniya, alhali ta san halin da ake ciki, ita ma ta ɗauki alhaki. Sannan ga yarjejeniyar cinikin makamai da ta fara aiki a watan Disambar 2014, wadda Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta amince da ita: ta haramta fitar da makamai idan mai fitarwa ya san za a aikata laifukan yaƙi da su, ta kuma wajabta auna haɗari kafin ba da kowane lasisi. Amurka ta sa hannu a 2013 amma majalisarta ba ta amince ba, Shugaba Trump kuma ya sanar da janye sa hannun a 2019. Rasha ba ta ma shiga ba.

In kana so ka ga iyakar duk waɗannan rubuce-rubuce, sai ka dubi Chadi. Hissene Habre ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, Amurka da Faransa suna ba shi makamai da horo saboda yana yaƙar Gaddafi, har Shugaba Reagan ya karɓe shi a fadar White House a 1987. Hukumar bincike ta Chadi ta ƙiyasta cewa an kashe mutum 40,000 a zamaninsa. Wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai a 2016, bayan waɗanda suka tsira daga kurkukunsa sun shafe fiye da shekara ashirin suna bin kadin haƙƙinsu. Daga cikin waɗanda suka cika masa rumbun makamai kuwa, ba a gurfanar da kowa tare da shi ba.

TAMBAYA: Mun ji cewa kotun duniya ta ba da sammacin kama firaministan Isra'ila saboda yaƙin Gaza. Kowa ya san daga inda yawancin bama-baman suke fitowa. Me ya hana a haɗa da shugabannin Amurka? Daga wata ɗaliba mai nazarin shari'a a Zariya.

AMSA: Malama, da farko kotunan biyu ne, duk a birnin Hague, kuma mutane kan haɗa su. Kotun ICC, wato kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, tana tuhumar ɗaiɗaikun mutane, ita ce kuma ta ba da sammaci a ranar 21 ga Nuwamban 2024 a kan Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant, bisa zarge-zargen da suka haɗa da amfani da yunwa a matsayin makamin yaƙi, da kuma a kan kwamandan Hamas Mohammed Deif saboda harin 7 ga Oktoban 2023, kafin a janye nasa bayan an tabbatar da mutuwarsa. Sammaci ba hukunci ba ne, Isra'ila kuma ta musanta zarge-zargen. Kotun ICJ ita kuwa ƙasa da ƙasa take sasantawa, kuma a gabanta ne Afirka ta Kudu ta shigar da ƙarar kisan ƙare-dangi a kan Isra'ila a watan Disambar 2023.

Girman tallafin ba abin gardama ba ne. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 2016 ta tanadi dala biliyan 38 cikin shekara goma, wato dala biliyan 3.8 a kowace shekara, ban da ƙarin da majalisar Amurka ta amince da shi bayan ɓarkewar yaƙin. Alƙaluman cibiyar SIPRI ta Suwidin, mai bin diddigin cinikin makamai, sun nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan makaman da Isra'ila ke shigowa da su daga Amurka suke, kusan duk sauran kuma daga Jamus. Batun sani ma gwamnatin Amurka da kanta ta taɓo shi: rahoton da ta miƙa wa majalisa a watan Mayun 2024 ya ce akwai dalilin ɗauka cewa an yi amfani da makamanta ta hanyoyin da suka saɓa wa dokokin yaƙi, sannan ya ce babu cikakkun bayanan da za a yanke hukunci a kan kowane hari, aka ci gaba da jigila. Shugaba Biden ya tsayar da kaya guda ɗaya na manyan bama-bamai masu nauyin kusan kilo 900 a wannan watan, Trump ya sake su a watan Janairun 2025.

A ƙa'ida kotun ICC tana da hurumi a kan laifin da aka aikata a yankin Falasɗinu, wadda ta shiga kotun a 2015, ko da wanda ake zargi ɗan ƙasar da ba ta cikin kotun ne. Abin da ya hana shi ne abu biyu: wahalar tabbatar da manufar da na ambata a amsar farko, da kuma ƙarfi. Kotun ba ta da 'yan sanda ko ɗaya. Ƙasashe ne ke kama mata mutum idan sun ga dama. Putin ya ziyarci Mongoliya a 2024 da sammaci a kansa, Netanyahu ya ziyarci Hangari a 2025, dukkansu ƙasashe ne na kotun a lokacin, kuma kowannensu ya koma gida lafiya. Amurka ta ƙaƙaba wa mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda 'yar Gambiya takunkumi a 2020 saboda binciken Afganistan, ta ƙaƙaba wa magajinta Karim Khan a watan Fabrairun 2025, daga baya ta haɗa da alƙalai, har da 'yar Uganda da 'yar Benin.

Akwai wani tarihi da ba a cika tunawa da shi ba, wanda a ganina ya fi komai bayyana dangantakar tallafin soja da hukunci. A 2002, shekarar da kotun ta fara aiki, Amurka ta yi dokar da ta ba shugabanta izinin amfani da duk hanyar da ta dace wajen kuɓutar da Ba'amurken da kotun ta tsare. Sannan ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya tana neman su sa hannu cewa ba za su taɓa miƙa ɗan ƙasarta ga kotun ba, a watan Yulin 2003 kuma ta dakatar da tallafin soja ga ƙasashe 35 da suka ƙi, har da Afirka ta Kudu. Wato tallafin da ake tambayar ko zai jawo wa mai ba da shi tuhuma, shi ne aka yi amfani da shi wajen toshe ƙofar tuhumar tun daga farko.

A kotun ICJ ma hanyar a rufe take. A 1986 kotun ta yanke cewa Amurka ta karya dokar duniya da ta bai wa 'yan tawayen Kontara na Nikaragwa makamai da horo, amma Amurka ta riga ta fice daga shari'ar, ta janye amincewarta da hurumin kotun na dole, ta kuma hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu lokacin da aka nemi a sa ta bi hukuncin. Shi ya sa da Nikaragwa ta tashi shigar da ƙara a kan makaman Gaza a watan Maris na 2024, Jamus ta kai, domin ita ta yarda da hurumin kotun. Alƙalai sun ƙi ba da umarnin gaggawa na tsayar da makaman, amma ba su kori ƙarar ba. Ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi dai suna cikin manyan masu sayar da makamai a duniya, Amurka kaɗai tana da kashi 43 cikin ɗari na cinikin tsakanin 2020 da 2024. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi.

Inda aka ɗan ga tasiri shi ne kotunan cikin gida na ƙasashen masu sayarwa, kuma tun da shari'a kike karantawa, nan ya kamata ki zuba ido. Yaƙin Yaman ne ya buɗe wannan hanya. A watan Agustan 2018 jirgin ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta ya jefa bam a kan motar 'yan makaranta a kasuwar Dahyan, ya kashe yara 40, aka tsinci ɓaraguzan bam ɗin ɗauke da lambobin da suka nuna cewa ƙirar Amurka ne. A watan Yunin 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce gwamnati ta saɓa doka da ta riƙa ba da lasisin sayar wa Saudiyya makamai ba tare da ta auna ko an karya dokokin yaƙi a hare-haren baya ba. Gwamnati ta yi awon, ta ce abubuwan da suka faru ɗaiɗaiku ne, ta koma ciniki a 2020. A watan Fabrairun 2024 wata kotu a Holan ta umarci a tsayar da aika wa Isra'ila kayan gyaran jiragen F-35, a watan Satumbar shekarar kuma Birtaniya ta dakatar da lasisi kusan 30 daga cikin kimanin 350. Ba yawa, amma a waɗannan wurare ne aka tilasta wa ministoci su zauna su bayyana abin da suka sani da lokacin da suka san shi.

TAMBAYA: Na yi aikin soja, na kuma yi yaƙi a arewa maso gabas. Lokacin da Boko Haram ke ƙwace garuruwa a 2014, Turawa sun hana mu makamai da sunan haƙƙin ɗan Adam, yaranmu suna mutuwa. Ashe wannan ba zalunci ba ne? Daga wani tsohon soja a Kaduna.

AMSA: Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri, ya kuma jiƙan waɗanda suka kwanta dama. Ƙorafinka ba kai kaɗai ka yi shi ba. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, a watan Yulin 2015 kuma marigayi Shugaba Buhari ya faɗa a birnin Washington cewa yadda ake aiki da dokar Leahy ya zama tamkar taimaka wa Boko Haram.

Dokar ta samo sunanta daga Sanata Patrick Leahy, an kuma fara ta a 1997. Ba ta haramta taimakon ƙasa baki ɗaya ba. Bataliya-bataliya ake tantancewa, a hana tallafi da horo ga wadda aka samu sahihin bayani cewa ta aikata mummunan take haƙƙi, irin kisa ba tare da shari'a ba ko azabtarwa. Kuma tana da ƙofar fita: idan gwamnati ta ɗauki matakin gaske na gurfanar da waɗanda suka aikata, tallafin yana iya dawowa. Zarge-zargen da aka dogara da su a kanmu ba ƙanana ba ne. Ƙungiyar Amnesty ta ce a rahotonta na watan Yunin 2015 fiye da mutum 7,000 ne suka mutu a wuraren tsare mutane na soja, aka kuma kashe fiye da 1,200 ba tare da shari'a ba, abin da rundunar ta musanta. A watan Disambar 2020 Bensouda ta kammala binciken share fage na shekara goma, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaron Najeriya sun aikata laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama.

Cinikin jiragen Super Tucano 12, na kusan dala miliyan 500, ya nuna yadda abin ke tafiya. Ana dab da kammala shi sai jirgin sojan samanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a ranar 17 ga Janairun 2017, ya kashe mutane da dama har da ma'aikatan agaji, gwamnatin Obama ta jingine maganar. Gwamnatin Trump ta amince a shekarar, jiragen suka iso a 2021. Tsakanin dakatarwar da amincewar, abin da ya sauya shi ne mai zama a fadar White House. Daga baya ga Tudun Biri a jihar Kaduna, ranar 3 ga Disambar 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojanmu ya afka wa masu taron Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne aƙalla mutum 85. Rundunar ta amsa kuskurenta, ta kuma sanar a 2024 cewa jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja.

Ra'ayina shi ne kana da gaskiya a rabi. Akwai son kai a yadda ake aiki da dokar, domin ba a taɓa yanke tallafi ga wata bataliyar Isra'ila a ƙarƙashinta ba, abin da shi kansa Leahy ya koka a kai a 2024, Masar kuma tana karɓar dala biliyan 1.3 a shekara duk da abin da aka sani game da kurkukunta. Amma sharaɗin da kansa, cewa a hukunta wanda ya kashe farar hula da gangan ko da sakaci, abu ne da mutanen Rann da Tudun Biri suka cancanta ko da babu Ba'amurke ko ɗaya a duniya, kuma sojan da ya yi aikinsa da tsabta shi ne ya fi kowa cin moriyarsa, tun da laifin 'yan kaɗan ne ke shafa wa rundunar baki ɗaya baƙin jini.

TAMBAYA: Mu nan muna ganin makamai sababbi a hannun RSF, kuma ba a Darfur ake ƙera su ba. An ce gwamnati ta kai ƙara, me ya faru? Daga wani ɗan'uwa Bahaushe mazaunin Sudan.

AMSA: Allah ya kawo muku sauƙi. Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa gaban kotun ICJ a watan Maris na 2025, tana zarginta da haɗa baki a kisan ƙare-dangi kan ƙabilar Masalit ta hanyar bai wa RSF, wato dakarun da ke yaƙar rundunar gwamnati, makamai. A ranar 5 ga Mayu kotun ta kori ƙarar ba tare da ta duba ko zargin gaskiya ne ba, saboda lokacin da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi ta keɓe sashen da ke ba kotun hurumi. Kafin nan, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a rahotonsu na farkon 2024 zargin shigar da makamai ta filin jirgin Amdjarass na gabashin Chadi yana da tushe, sun kuma ƙiyasta cewa an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a birnin El Geneina na Darfur kaɗai. Daular ta musanta, ta ce jiragen nata kayan asibiti suke kaiwa. Ita ma rundunar gwamnati ana zarginta da luguden wuta a kan kasuwanni, kuma tana da nata masu ba ta jirage marasa matuƙi.

Takunkumin makamai na Kwamitin Sulhu Darfur kawai ya shafa, haka ma hurumin da kwamitin ya ba kotun ICC a 2005. A ƙarƙashin wannan hurumi ne aka samu Ali Kushayb, wani jagoran mayaƙan sa-kai na Janjawid, da laifi a watan Oktoban 2025, kan abin da ya aikata a 2003 da 2004, fiye da shekara ashirin ke nan. Omar al-Bashir, wanda ake zargin gwamnatinsa ce ta ɗaure wa Janjawid gindi da makamai, sammacinsa na 2009 da na 2010 suna nan ba a aiwatar da su ba.

TAMBAYA: Gwamnatinmu da ta Mali da ta Burkina Faso sun ce sun fita daga kotun ICC domin kotun 'yan mulkin mallaka ce. Shin yanzu babu wanda zai iya tuhumar kowa ke nan? Daga wani malamin makaranta a Damagaram.

AMSA: Malam, ƙasashen uku sun sanar da ficewa a watan Satumbar 2025, amma bisa yarjejeniyar Roma ficewa ba ta fara aiki sai bayan shekara guda da miƙa takarda ga babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba ta shafe abin da ya faru lokacin da ƙasa ke ciki. Filifin ta fice a 2019, amma an kama tsohon shugabanta Rodrigo Duterte a watan Maris na 2025 aka kai shi Hague.

Zargin cewa kotun ta fi sa wa Afirka ido yana da hujja, tun da duk waɗanda ta ɗaure kawo yanzu 'yan Afirka ne. Sai dai Uganda da Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya su ne suka gayyato ta da kansu, haka ma Mali a 2012, kuma daga wannan gayyata ce aka ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a 2016 saboda rusa hubbarorin waliyyan Tumbuktu. Kotun da Tarayyar Afirka ta tsara a Malabo a 2014 domin ta maye gurbi har yanzu ba ta fara aiki ba, kuma tsarin nata ya ba shugabannin da ke kan mulki kariya daga tuhuma.

Sauya mai ba da tallafi bai sauya tambayar ba. A zamanin Faransa, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce harin jirginta a ƙauyen Bounti na Mali a watan Janairun 2021 ya kashe fararen hula 19 a wurin biki, Faransa ta ƙi amincewa. A zamanin Rasha, wani binciken na Majalisar ya ce sojojin Mali da mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a watan Maris na 2022, gwamnatin Bamako ita ma ta ƙi amincewa.

Ko bayan ficewa, yarjejeniyoyin Geneva suna nan a kan ƙasashen uku, Kwamitin Sulhu yana iya miƙa kowace ƙasa ga kotun kamar yadda ya yi wa Sudan da Libiya, sannan akwai ƙasashen da dokokinsu suka ba kotunansu ikon shari'ar irin waɗannan laifuka ko a ina aka aikata su. Ta wannan hanya ce wata kotu a Jamus ta yanke wa Anwar Raslan, tsohon jami'in leƙen asirin Siriya, ɗaurin rai-da-rai a 2022. Ta ita ce kuma aka kama Ousman Sonko a 2017, wanda ya yi ministan cikin gidan Gambiya a zamanin Yahya Jammeh, bayan ya je neman mafaka a Suwizalan, kotun tarayyar ƙasar ta ɗaure shi shekara 20 a watan Mayun 2024.